Yadda matan Jamhuriyar Cek suka riƙe kofin tanis na ƙasashe, da yadda ya suɓuce musu

An yi mini tambaya cewa: ta yaya Jamhuriyar Cek, ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan 11 ba, ta ɗauki kofin tanis na mata na ƙasashen duniya, wanda yanzu ake kira kofin Billie Jean King, har sau 6 tsakanin 2011 da 2018, alhali Amurka da Rasha sun fi ta jama'a da dukiya da sanannun 'yan wasa? Kuma me ya sa tun daga 2018 ba ta sake ɗaga kofin ba? Mai tambayar ya ƙara da cewa shi a ganinsa fitacciyar 'yar wasan ƙasar, Petra Kvitova, ita ce ta ɗauki ƙasar a kafaɗarta, da ƙarfinta ya ragu sai komai ya tsaya.

Kvitova ta yi aiki babba, babu mai musun wannan, amma wanda ya bi wasannin ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa ba ita kaɗai ce ta kawo kofunan nan ba, har ma akwai shekarar da ƙasar ta ci kofin ba tare da Kvitova ta ci wasa ko ɗaya ba. Abin da ya ɗaga matan Cek shi ne yawan gwanaye a lokaci guda, ta yadda ta biyu da ta uku da ta huɗu a tawagar duk suna iya kayar da ta ɗaya a wata ƙasa, sannan da ƙwarewarsu a wasan bibbiyu, wanda shi ake bugawa a ƙarshe idan an yi kunnen doki. Kafin a fahimci wannan sai an san yadda gasar take, domin tsarinta ya sauya fiye da sau ɗaya, kuma kowane sauyi yana da waɗanda ya amfana da waɗanda ya cutar.

Hukumar tanis ta duniya, ITF, ita ta ƙirƙiro gasar a 1963 don bikin cikarta shekara 50, aka buga ta farko a filin Queen's Club da ke Landan da ƙasashe 16, Amurka ta ci Ostireliya a wasan ƙarshe. A lokacin sunanta Federation Cup, a 1995 aka taƙaita shi zuwa Fed Cup, sannan a 2020 aka sa mata sunan Billie Jean King, wadda tana cikin matan Amurka da suka ci kofin farko. Daga 1963 zuwa 1994 ƙasashe kan taru a gari ɗaya na mako guda, kowace karawa tsakanin ƙasa da ƙasa wasa uku ce: biyu na ɗaiɗai, ɗaya na bibbiyu. Daga 1995 aka koma tsarin gida da waje ga manyan ƙasashe, karawa ta zama wasa biyar cikin kwana biyu. Ranar farko ta ɗayan kowace ƙasa takan kara da ta biyun ɗaya ƙasar, rana ta biyu ta ɗaya ta haɗu da ta ɗaya, ta biyu ta haɗu da ta biyu, sai a rufe da wasan bibbiyu. Ƙasar da ke karɓar baƙi ita ke zaɓar gari da irin filin da za a buga, ko na jar ƙasa mai rage gudun ƙwallo, ko na daɓe mai saurin gudu. A ƙarƙashin wannan tsari ne matan Cek suka ci kofunansu 6 na baya-bayan nan.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai tambaya ya riƙe. Wasan wannan gasa ba ya ƙara wa 'yar wasa maki a jerin gwanayen duniya na WTA, ƙungiyar ƙwararrun mata 'yan tanis, kuma yakan faɗo a tsakiyar kakar wasa ko a ƙarshenta lokacin da jiki ya gaji. Abin da ke tilasta wa wasu zuwa shi ne ƙa'idar da ta ce wadda ke son zuwa gasar Olamfik sai ta wakilci ƙasarta a wannan kofi wasu lokuta kafin nan. Saboda haka ƙasa na iya mallakar gwanar duniya amma ta rasa ta a ranar da take buƙatarta. Amurka ta fi kowa cin kofin, sau 18, amma daga 2000 ba ta sake ci ba sai 2017, duk da cewa waɗannan su ne shekarun da Serena da Venus Williams suka fi haskakawa. Ƙarfin ƙasa a takarda daban, waɗanda suka amsa kira suka zo daban.

Tarihin Cek a gasar bai fara a 2011 ba. Tun ƙasar tana haɗe da Sulobakiya da sunan Cekoslobakiya ta ci kofin sau 5. Na farko a 1975 ne a garin Aix-en-Provence na Faransa, inda Martina Navratilova, tana da shekara 18, da Renata Tomanova suka ci Ostireliya 3 da nema, kyaftin ɗinsu kuwa ita ce Vera Sukova, wadda ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon, ɗaya daga cikin manyan gasannin tanis huɗu na duniya, a 1962. Watanni kaɗan bayan haka Navratilova ta nemi mafaka a Amurka saboda takurar gwamnatin gurguzu, ta zama 'yar Amurka a 1981. Ƙasar da ta rasa irin wannan 'yar wasa za a zaci ta durƙushe ke nan, amma sai ga Hana Mandlikova da Helena Sukova, 'yar Vera, sun ci kofin sau uku a jere: 1983 a Zurich a kan Jamus ta Yamma, 1984 a Sao Paulo a kan Ostireliya, 1985 a Nagoya a kan Amurka. A 1986 aka kawo gasar Prague, aka gina sabon babban fili a tsibirin Stvanice dominta, Navratilova ta dawo ƙasar haihuwarta karo na farko cikin shekara 11 sanye da rigar Amurka. Hukumomi ba su so a ɗaukaka zuwanta ba, amma jama'a suka cika fili suna yi mata tafi, ita kuma ta yi ta hawaye. Ta ci Mandlikova a wasan ƙarshe, Chris Evert ta ci Sukova, Amurka ta tafi da kofin. Bayan shekara biyu, a 1988 a Melbourne, Sukova da Radka Zrubakova da matashiya Jana Novotna suka dawo da shi bayan sun ci Tarayyar Sobiyet. Tun a wancan zamani ake ganin halin ƙasar: idan ɗaya ta tafi, akwai wata a bayanta.

Daga nan aka shekara 23 babu kofi. Ƙasar ta rabu biyu a farkon 1993, har Sulobakiya ta riga Cek ɗaga kofin a 2002.

A 2011 zancen mai tambaya yana da ƙarfi, domin shekarar Kvitova ce. Ta ci Wimbledon, ta ci gasar ƙarshen shekara ta WTA, kuma ba a ci ta ko sau ɗaya ba a wasannin ɗaiɗai na wannan kofi. Amma ko a wannan shekarar, dubi yadda aka ƙare. A wasan ƙarshe a Masko ta ci Maria Kirilenko da Svetlana Kuznetsova, ita kuwa Lucie Safarova aka ci ta wasanninta biyu, aka tsaya 2 da 2. Waɗanda suka ɗauko kofin su ne Kveta Peschke da Lucie Hradecka, waɗanda suka ci Kirilenko da Elena Vesnina a wasan bibbiyu. Ba haɗuwar sa'a ba ce: a shekarar Peschke ta ci kofin bibbiyu na Wimbledon, Hradecka kuma ta ci na Roland Garros, babbar gasar Faransa, tare da Andrea Hlavackova. Wasan kusa da na ƙarshe da Beljiyam ma da wasan bibbiyu aka raba gardama. A 2012 kuma abin ya juya: a zauren O2 na Prague, Ana Ivanovic ta Sabiya ta ci Kvitova, wadda ba ta daɗe da tashi daga jinya ba, sai Safarova, wadda ta sha kashi sau biyu a Masko, wadda kuma ta riga ta ci Ivanovic a ranar farko, ta lallasa Jelena Jankovic 6-1, 6-1 ta rufe karawar. Mako biyu bayan haka mazan ƙasar suka ci Sifaniya a wannan zauren suka ɗauki kofin Davis, takwaran wannan kofi na maza. A 2014 aka ci Jamus 3 da 1 a Prague, inda Kvitova ta ci Angelique Kerber a turmi uku masu zafi (wasa kashi-kashi ne, kowane kashi turmi, wadda ta fara cin turmi biyu ita ce ta ci wasan).

Shekarun 2015 da 2016 su ne suka fi nuna abin da nake faɗa, kuma a kansu zan daɗe.

A wasan ƙarshe na 2015 Rasha ta zo Prague da Maria Sharapova, ta kuwa yi duk abin da ake nema daga gwana: ta ci Karolina Pliskova ranar Asabar, ta ci Kvitova ranar Lahadi. Duk da haka Rasha ba ta tafi da kofin ba, domin Anastasia Pavlyuchenkova ta sha kashi a hannun Kvitova da Pliskova, sannan a wasan bibbiyu Pliskova da Barbora Strycova suka farfaɗo bayan an ci su turmin farko suka ci Pavlyuchenkova da Vesnina. Gwanar da ta fi kowa a zauren tana gefe tana kallo aka yanke hukunci.

A 2016 duk karawa uku a waje aka buga su, kuma duk ukun sai da aka kai wasa na biyar. A garin Cluj na Romaniya, Monica Niculescu da Simona Halep duk sun ci Kvitova, sai Pliskova ta ci su duka biyun, ta kuma dawo fili ita da Strycova suka ci wasan bibbiyu. A Lucerne ta Suwizalan Kvitova ba ta buga ba, Viktorija Golubic, wadda a lokacin ba ta cikin ɗari na farko a duniya, ta ba da mamaki ta ci Pliskova da Strycova, amma Pliskova da Hradecka suka ci Golubic da Martina Hingis a wasan bibbiyu. Sai wasan ƙarshe a Strasbourg a gaban 'yan kallon Faransa. Wasan farko tsakanin Pliskova da Kristina Mladenovic ya kusa awa huɗu, domin a lokacin babu bugun raba gardama a turmi na uku, sai wadda ta ba da tazarar biyu a lissafin turmin, aka tashi 6-3, 4-6, 16-14. Caroline Garcia ta ci Kvitova a ranar, washegari ta ci Pliskova wadda ƙafafunta ba su gama warwarewa ba, Faransa ta shige gaba 2 da 1, saura wasa ɗaya ta ɗaga kofi a gida. A nan kyaftin Petr Pala ya ajiye Kvitova, mai kofin Wimbledon biyu, ya sa Strycova a madadinta, ita kuwa kyaftin ɗin Faransa Amelie Mauresmo ta hutar da Mladenovic ta sa Alize Cornet. Strycova gajera ce idan aka gwada ta da takwarorinta, ba ta da bugun Kvitova mai ƙarfi, amma tana da wayon sauya gudun ƙwallo da zuwa bakin raga, ta ci Cornet a turmi biyu. Bayan ɗan hutu ta dawo fili tare da Pliskova suka fuskanci Garcia da Mladenovic, waɗanda a shekarar suka ci kofin bibbiyu na Roland Garros, suka ci su 7-5, 7-5. A duk wannan shekara Kvitova ta buga wasa uku a gasar, an ci ta duka ukun, kuma ƙasarta ta ɗauki kofin. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A watan Disamba na wannan shekarar wani mutum ya kutsa gidan Kvitova a Prostejov ya yanke ta da wuƙa a hannun hagu, wanda da shi take riƙe raket, ba ta dawo wasa ba sai watan Mayu na 2017. A shekarar Amurka ta fitar da Cek a wasan kusa da na ƙarshe. A 2018 Kvitova da Pliskova suka kai ƙasar wasan ƙarshe bayan sun ci Jamus a Stuttgart, amma da ranar ta zo Pliskova tana da rauni, Kvitova kuma ba ta da lafiya. Strycova, tana da shekara 32, da Katerina Siniakova, mai shekara 22, su suka buga. Adalci shi ne a faɗi cewa Amurka ma ta zo ba tare da manyanta ba, babu 'yan gidan Williams, babu Sloane Stephens, babu Madison Keys. To amma a nan ne ainihin gwajin yake: idan ƙasashe biyu duk suka rasa na gabansu, wace ce ta fi na baya masu ƙarfi? Strycova ta ci Sofia Kenin, Siniakova ta ci Alison Riske, washegari Siniakova da Kenin suka shafe awa uku da minti 44, sau biyu ya rage maki ɗaya Kenin ta ci wasan Siniakova tana kuɓuta, aka tashi 7-5, 5-7, 7-5. Wannan Kenin ɗin ce bayan wata 15 ta ci gasar Australian Open.

Daga ina wannan yawa yake fitowa? A ganina tushensa kulob-kulob ne na garuruwa. Tanis a ƙasar Cek tsohon wasa ne, kulob ɗin da ke tsibirin Stvanice a Prague an kafa shi tun 1893, kuma ƙananan garuruwa da yawa suna da filayen jar ƙasa da kulob da iyaye ke kai 'ya'yansu ba tare da sai sun mallaki dukiya mai yawa ba. Navratilova a Revnice ta tashi, mijin mahaifiyarta ne ya fara koya mata. Kvitova a Fulnek ta tashi, ƙaramin gari a gabashin ƙasar, mahaifinta malamin makaranta ne ya horar da ita har ta kai shekara 16 kafin ta koma cibiyar Prostejov. Yarinyar da ta nuna alama akan ɗauke ta zuwa ɗaya daga cikin manyan cibiyoyi, Prostejov ko kulob ɗin Sparta na Prague ko Stvanice, inda za ta tarar da waɗanda suka fi ta tana atisaye da su kullum. Ƙasar ƙarama ce, tafiyar 'yan sa'o'i a mota ko jirgin ƙasa ta isa a kai yarinya gasa a dawo da ita gida, saboda haka tana samun wasanni masu yawa da kuɗi kaɗan. Gasar matasa ta ƙasa da ake yi a Pardubice ta daɗe tana tace gwanaye, manyan sunayen ƙasar da yawa sun bi ta nan.

Abu na biyu ya fi shafar wannan kofi kai tsaye. Kulob-kulob ɗin suna karawa da juna a matsayin tawaga tun daga rukunin yara har zuwa babbar gasar ƙasa ta manya, maza da mata a tawaga ɗaya, kuma a kowace karawa akwai wasan bibbiyu da ake lissafa makinsa. Yarinyar Cek takan girma ta saba da bugawa domin wasu, ta saba da tsayuwa a bakin raga, ta san lokacin da za ta tsallaka ta tare ƙwallo da lokacin da za ta bar wa abokiyarta, ta san yi mata ishara da yatsu a bayan baya kafin bugun farko. A ƙasashe da yawa matashiyar da ake sa wa rai ba a damuwa da koya mata wannan, domin kuɗi da suna suna wajen wasan ɗaiɗai. Sakamakon yana nan a fili: Peschke da Safarova da Strycova da Siniakova da Barbora Krejcikova duk sun taɓa zama na ɗaya a duniya a wasan bibbiyu, Hlavackova da Hradecka sun ci azurfa a Olamfik ta Landan a 2012, Safarova da Strycova sun ci tagulla a Rio a 2016, Krejcikova da Siniakova sun ci zinare a Tokyo.

Akwai kuma riƙon hannu tsakanin tsara da tsara. Labarin Krejcikova sananne ne: tana da shekara 18, ta rasa ko ta ci gaba da tanis ko ta koma karatu, sai ita da iyayenta suka je gidan Jana Novotna, mai kofin Wimbledon na 1998, wadda ita ma 'yar Brno ce, da wasiƙa a hannu. Novotna ta karɓe ta ta horar da ita. Ta rasu a 2017 ba ta ga ɗalibarta ta ci Roland Garros a 2021 da Wimbledon a 2024 ba.

Kyaftin Petr Pala ya karɓi tawagar a 2008, kuma duk kofuna 6 a hannunsa aka ci su. Shi kansa gwanin bibbiyu ne a zamaninsa, ya kai wasan ƙarshe na Roland Garros a 2001. Aikin kyaftin a wannan gasa ya wuce zama a kujera a gefen fili yana ba da shawara lokacin sauya gefe, wanda shi ma dama ce da ba a saba da ita ba a sauran gasanni a wancan lokaci. Babban aikinsa shi ne ya sa matan da suke hamayya da juna duk shekara, kowacce da kocinta da tsarinta, su yarda su zo, su kuma yarda a ajiye su a benci idan hali ya yi. Ajiye Kvitova a Strasbourg ba ƙaramin hukunci ba ne, kuma bai raba tawagar ba. Ga kuma amfanin gida: wasannin ƙarshe na 2012 da 2014 da 2015 da 2018 duk a zauren O2 aka yi su, a rufaffen wuri kan daɓe mai sauri wanda ya dace da masu bugu da ƙarfi irin Kvitova da Pliskova. Daga 2009 ba a sake cin su a gida ba sai 2019.

Yanzu sai rabi na biyu na tambayar. Rashin kofi tun 2018 ba daga ƙarancin gwanaye ba ne, domin a waɗannan shekarun ne Krejcikova ta ci manyan kofuna biyu, Marketa Vondrousova ta ci Wimbledon a 2023, Karolina Muchova ta kai wasan ƙarshe na Roland Garros a shekarar, Pliskova ta kai na Wimbledon a 2021. Faɗuwar farko ta zo ne a tsohon tsari kuma a gida, a Ostrava a 2019, inda Halep ta ci wasanninta biyu, Irina-Camelia Begu da Niculescu kuma suka ci Krejcikova da Siniakova a wasa na biyar. Daga nan ITF ta sauya tsarin, aka koma tara ƙasashe 12 a gari ɗaya na mako guda, karawa ta koma wasa uku a rana ɗaya: ta biyu da ta biyu, ta ɗaya da ta ɗaya, sai bibbiyu. Cutar korona ta jinkirta na farko zuwa Nuwamban 2021.

Dubi yadda aka fitar da Cek tun daga lokacin. A 2021, a Prague, Vondrousova ta ci Golubic, Belinda Bencic ta ci Krejcikova, sannan Bencic ta dawo da Jil Teichmann suka ci wasan bibbiyu. A 2022 a Glasgow Suwizalan ta sake fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, ci 2 da nema. A 2023 a Seville Krejcikova ta ci Marina Stakusic ta Kanada, Leylah Fernandez ta ci Vondrousova, sannan Fernandez da Gabriela Dabrowski suka ci Krejcikova da Siniakova. A 2024 a Malaga Marie Bouzkova ta ci Magdalena Frech ta Polan, Iga Swiatek ta ci Linda Noskova, sannan Swiatek da Katarzyna Kawa suka ci Bouzkova da Siniakova. Sau uku cikin huɗu abu ɗaya ne ya faru: Cek ta ci wasan ta biyu da ta biyu, inda yawanta yake da amfani, aka ci ta wasan ta ɗaya da ta ɗaya, sannan wannan gwanar ta ɗaya ɓangaren ta sake fitowa ta ci bibbiyu. A tsarin wasa biyar, ta biyun ƙasar da ba ta da yawa sai ta buga sau biyu, gwanarta kuma sai ta ci wasa uku cikin kwana biyu, biyu daga ciki a rana ɗaya, wanda shi ne ya gagari Garcia a 2016. A tsarin wasa uku, gwana ɗaya da ke kan ganiyarta tare da abokiyar bibbiyu mai kyau sun isa, kuma 'yar wasa ta uku da ta huɗu ba sa samun inda za su nuna kansu.

Ba zan ɗora wa tsarin laifin duka ba. Kofunan 1975 da na shekarun 1980 a tsarin wasa uku aka ci su, kuma wasannin bibbiyun da aka rasa a 2019 da 2021 da 2023 da 2024 duk akwai Siniakova a ciki, wadda tana cikin gwanayen bibbiyu na zamaninta, a biyu daga cikinsu ma tare da Krejcikova. Ɓangaren da ƙasar ta fi dogara da shi ne ya gaza a ranakun da aka fi buƙatarsa, kuma wasan bibbiyu na turmi biyu ko uku maki kaɗan ne ke juya shi. Rauni ma ya yi ɓarna, domin Muchova da Vondrousova da Krejcikova duk sun yi dogon jinya a shekarun nan, da wuya a same su lafiya lau a mako ɗaya. Jadawali ya ƙara nasa: a 2022 da 2023 an fara gasar kwana kaɗan bayan gasar ƙarshen shekara ta WTA da aka yi a Fort Worth da Cancun, a ƙetaren teku, kuma ƙasar da ke da 'yan wasa a can ita ce ke karɓar su a gajiye.

Italiya, wadda ta ci kofin a 2024 a Malaga da 2025 a Shenzhen ta ƙasar Sin, inda aka rage ƙasashen zuwa 8, ita ce ta nuna abin da sabon tsarin ke so. Jasmine Paolini tana zuwa duk lokacin da aka kira ta, tana buga wasan na ɗaya, kuma ita da Sara Errani suna buga bibbiyu tare duk shekara, har sun ci zinare a Olamfik ta Paris. Cek tana da matasa irin Noskova da ke tasowa, amma Kvitova ta yi ritaya a 2025, Safarova da Strycova sun riga ta, Krejcikova da Siniakova kuma sun daina buga bibbiyu tare a kai a kai daga ƙarshen 2023. Abin da tawagar ke buƙata yanzu shi ne 'yar wasa ɗaya mai lafiya da za ta iya tsayawa gaban Swiatek ko Paolini a wasan na ɗaya, da kuma abokiyar da za a tsayar wa Siniakova tun kafin makon gasar, su buga wasu gasanni tare a cikin shekara.